Rigar Sojan da Ta Zuba a Hanyar Kwoi

Kafin in lalace, malamin firamare ne ni a Zonkwa. Ina koyar da lissafi da Dokoki Goma, ina kuma zane duk yaron da ya manta ta takwas, wadda ta hana sata.

Bayan yaƙin basasa, wani ɗan kasuwa a Kafanchan ya kawo yadi mai dabbare-dabbare, kwaikwayon na sojoji. Don kwalliya na saya, tela ya ɗinka mini riga da wando. Ranar da na fara sawa, mai duba tikiti a jirgin ƙasa ya sara mini ya wuce. Ban kira shi na gyara masa kuskurensa ba.

Daga jirgi kyauta sai abinci kyauta. Daga nan na ajiye alli, na samo ganga da gungume na tare hanyar Kwoi, ina raba manoma da buhunan citta da sunan bincike.

Wata rana da damina na tsayar da wata akori-kura. Wani dattijo ya sauko, ya cire hula, ya durƙusa mini.

"Ofisa, ka yi haƙuri. Matar ɗana ne a baya, haihuwa ya ƙi. Asibiti za mu."

"Kowa asibiti za shi, Baba. A sauke kaya."

Suna sauke buhu bayan buhu, ina jin nishinta. Sai ruwa ya goce. Yadin kasuwa ba ya riƙe rini. Kore da baƙi suka biyo hannuwana har yatsu. Direban ya ƙare mini kallo ya ce, "Oga, sojan naka yana zuba."

Suka ɗaure ni da igiyar kaya, suka jefa ni bayan motar kusa da ita. Ina kwance a nan ta cika, ba mu kai gari ba. Dattijon bai taɓa ni ba. Ya ja zaninta ya rufe mata fuska, yana addu'a da yarensu.

Rashin bindiga ne ya cece ni daga harbi. Sojan gona da ƙwace aka ɗaure ni a kai. Mutuwarta ba ta shiga tuhuma ba. Na gama wa'adina, na tuba a gaban ikilisiya, aka karɓe ni. Gidan dattijon ne har yau ƙafata ta kasa zuwa.

Samari, kada ku sa tufar da ba ku yi rantsuwa a cikinta ba, ko da wasa. Wanda zai biya ba lallai ku ne ba. Sunanta Rifkatu. Sai a kotu na ji.