Goggo Tasalla da Gwangwanayenta

Duk wanda ya taɓa ganin Goggo Tasalla tana alwala ya san ba a wuri ɗaya take yin ta ba. Buta a hannu, 'yar kujera a hammata, tana bin gwangwanayen shukarta ɗaya bayan ɗaya. Ta wanke hannu a kan na'a-na'a, ta ja kujera ta wanke fuska a kan ɗoɗɗoya, ƙafa kuwa sai a kan alobera, wai ita ce ba ta da ƙyama. Kafin ta gama, masallacin unguwa sun sallame. In ka yi magana ta ce, "Ruwan Daura za a zubar a ƙasa? Je ka tambayi ɗan garuwa daga ina ya turo shi."

Ƙanwar babana ce. Bayan rasuwar mijinta ita kaɗai ta rage a gidan, ɗaki biyu da rumfa. Ni a lokacin ina koyarwa a Baure, sai ranar Juma'a nake leƙo ta, kuma duk zuwan da zan yi sai na tarar wurin zama ya ragu. Gwangwanin madara, fantekar da ta huje, butar da ta fashe, duk ta cika su da ƙasa. Suna bakin taga, suna kan akwati, suna gefen gado. Babana, wanda bai san wata shuka ba in ba gero da gyaɗa ba, ya taɓa ce mata, "Tasalla, duk wannan wahalar ko tuwon rana ɗaya ba za ta ba ki ba."

Ta ce, "Yaya, kai da rumbunka yake cike, yaushe rabon da a ga haƙoranka?"

Bai sake tayar da zancen ba.

Ba ta taɓa sayen shuka ba. Reza take ɗaurewa a gefen zane. In ta je asibiti awon hawan jini, ko ta bi ta gaban wani ofis ta ga fulawa, sai ta waiga dama ta waiga hagu, ta yanko reshe ta tura cikin hijabi. A shekarun nan da aka kafa shari'a, kowa zancen hukunci yake yi, na tsokane ta na ce, "Goggo, ki yi a hankali fa, yanzu hannu ake yankewa."

Ta ce, "Ni in na yanke wa fulawa hannu ɗaya, biyu take fitarwa. In alƙali ya iya haka, ga nawa."

Kun tuna Nasiru, ɗan ƙanwar mijinta, da ya dawo daga karatu da wando iya ƙwauri? Shi ne ya shigo wata safiya ya same ta tana yi wa ɗoɗɗoya faɗa a kan ta yi laushi. Ya gyara zama ya yi mata wa'azi mai tsawo, wai magana da abin da ba ya ji ba ya amsawa hanya ce ta camfi. Ta bar shi har ya kai aya, sannan ta ce, "Nasiru, shekara talatin ina yi wa kawunka magana, Allah Ya ji ƙansa, ko 'uhm' bai taɓa ce mini ba. Me ya hana ka zuwa da wa'azin a lokacin?"

Mun yi dariya ranar, amma mu manya mun san inda abin ya samo asali. 'Yarta ɗaya tal a duniya, Hafsatu. Sanƙarau ya ɗauke ta cikin kwana uku, tana ajin ƙarshe a makarantar koyon jinya. Goggo ba ta yi kukan da aka saba gani ba. Ɗaki ta shiga ta juya wa ƙofa baya. Abinci sai an yi da gaske, wanka sai an ja ta. Wata huɗu a haka, har babana ya fara cewa mu shirya wa wani rashin. A bakin tagar ɗakin akwai wata shuka mai kaurin ganye da Hafsatu ta kawo daga makaranta, ba wanda ya san sunanta. Goggo ta faɗa mini daga baya cewa tana kwance tana kallon ganyen yana yanƙwanewa kullum, har ranar da ta ji ba za ta iya kallon abu na biyu yana mutuwa a ɗakin ba. Ta tashi ta ɗebo ruwa. Da ta fito tsakar gida ta ga ashe rana tana nan, sai ta ji yunwa.

Tun daga nan take cewa, "Wanda ake jira da safe ba ya kwanciyar banza." Ita shukar kuwa ba ta kiran ta da komai sai "ta yarinyar nan", don kun san ba a faɗin sunan ɗan fari.

Da ciwon ƙoda ya kama ta, likita ya ce sai Kano. Ta ce ba inda za ta. Sati biyu ana fama da ita, ƙafafunta sun kumbura, har na rantse mata zan tare a gidan tunda ana hutu, in kula da kowane gwangwani. Ta dube ni ta ce, "Lawal, kai da ko kaza ba ka taɓa riƙewa ta yi wata ba." Amma ta shiga motar.

Tsoro ne ya yi mini yawa. Safe ruwa, yamma ruwa, ita ta yarinyar nan har da ƙari da rana. Cikin kwana goma gindinta ya ruɓe, na taɓa ta ta faɗo a hannuna. Na rasa abin yi. Na hau mota zuwa Katsina, na bi masu sayar da fulawa har na sami mai kama da ita, na dasa a gwangwanin, na goge, na mayar bakin taga.

Ranar da aka dawo da Goggo, da ƙyar take takawa, amma ba ta zauna ba sai da ta isa tagar. Ta daɗe a tsaye. Can ta ce, "Sannu da zuwa, baƙuwa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta juyo ba ta ce, "Ƙishirwa ce ko ruwa?"

Na ce, "Ruwa ne ya yi yawa, Goggo."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "To, da sauƙi. Da ƙishirwa ce da ban yafe ba." Ta sa gefen mayafi ta share ido, ta tura yatsa cikin ƙasar gwangwanin ta ji. "Wannan ma ba ta da laifi, raba ta aka yi da 'yan uwanta. Kada ka sake ba ta ruwa sai Juma'a."

Wata biyu ta ƙara a duniya. Bayan sadakar bakwai mata suka raba gwangwanayen, kowa ta ɗauki ɗaya don tunawa. Kafin damina ta faɗi, na wata akuya ta cinye, na wata ya bushe, gidan kuma aka sa masa kwaɗo. Baƙuwar ce kawai na san tana raye, tana tagar ɗakina a Baure, kuma har yau ba na iya kallon ta da kyau.

Allah Ya ji ƙan Goggo Tasalla, Ya sanyaya mata makwanci. Allah Ya sada ta da Hafsatu a inda ba a rabuwa, Ya bar ta ta kira ta da sunanta. Amin.