Hannun Hagun Tanguy Kerbrat

Tanguy Kerbrat ɗan wani ƙaramin gari ne na bakin teku a yankin Bretagne na ƙasar Faransa, inda ruwan sama ba ya gajiya. Babansa Loïc makanikin jiragen masunta ne, mamarsa Maryvonne kuwa fanke take toyawa a wani shago da ke kallon tashar jiragen. Babu wanda ya taɓa riƙe raket, wato abin buga ƙwallon tanis, a gidansu. Filin tanis ɗaya ne a garin, mai rufin kwano, kuma fakewa daga ruwan sama ce ta fara kai Tanguy cikinsa yana ɗan firamare. Kafin ya cika shekara goma sha biyar ya gama da manyan 'yan wasan garin kaf.

Aka yi ta cewa yaron nan zai yi nisa. Ya kuwa yi yawo: Tunisiya, Turkiyya, Masar, da ƙananan garuruwan Faransa, yana buga wasa a gaban kujerun da babu kowa a kai. A jerin matsayin 'yan wasan duniya ya taɓa leƙa na ɗari uku da wani abu, daga nan sai hawa da sauka. Duk safiyar Litinin, ranar da ake sabunta matsayin, waya yake fara dubawa.

Abokin yawonsa shi ne Cyprien Vasseur, ɗan birnin Lille, dogo mai shegen surutu, wanda shi ma a nan ƙasa-ƙasan yake ta fama. Tsohuwar mota ɗaya suke shiga, ɗaki ɗaya suke kamawa, taliya ɗaya suke dafawa su ci da cuku.

Yana da shekara ashirin da takwas matsala ta same shi a inda bai zata ba. Kafin ɗan wasa ya buga sabis, wato bugun da ake fara neman kowane maki da shi, sai ya cilla ƙwallo sama da ɗaya hannun. Hannun hagun Tanguy sai ya fara yi masa gardama. A wurin atisaye lafiya lau. Amma da wasa ya yi zafi sai yatsun su ƙanƙame, ƙwallon ta tafi gefe ko ta faɗo bayan kansa. Likita ya duba bai ga komai ba. Tanguy ya ɓoye wa kowa, har iyayensa. Cyprien kaɗai ya sani, don shi ke tsayawa da shi bayan kowa ya watse, yana cewa, "Sake cillawa, mutumina. Ƙwallo ce fa, ba ƙwai ba."

A bazarar shekarar aka shirya wata gasa a kudancin ƙasar, a filin jan ƙasa, aka ce wanda ya lashe za a ba shi gurbi a wasannin share fage na babbar gasar Paris. Tanguy bai taɓa taka filin Paris ɗin nan da raket a hannu ba. Suka shiga su biyun, kowa ya yi ta cin wasansa, har aka wayi gari su ne za su kara a wasan ƙarshe.

Da safe suka zauna karyawa. Tanguy bai taɓa burodinsa ba. Cyprien ya jawo farantin Tanguy ya cinye.

"Kai Tanguy, kada ka ce ban gaya maka ba," in ji shi. "Yau ba ni da aboki. Gwiwata ta kusa ƙarewa, ba zan sake samun irin wannan damar ba."

"Wa ya roƙe ka tausayi?"

"Idonka ne ke roƙo, tsoho."

Loïc da Maryvonne sun ratso ƙasar tun daga bakin teku don su ga wasan. Wurin ya cika, abin da Tanguy bai saba gani ba. Ya ci zagayen farko, Cyprien ya rama na biyu. A na uku, na yanke hukunci, Cyprien ya yi abin da Tanguy ke tsoro tun safe. Duk lokacin da Tanguy zai buga sabis sai ya matso cikin fili sosai, ya kafa wa hannun hagun nan ido. Nan take yatsun suka ƙanƙame. Tanguy ya cilla ƙwallo, ya cafe, ya ba da haƙuri, ya sake cillawa, ya buga, ta maƙale a raga ba ta tsallaka ba. Sau da yawa ya yi haka. Ya hango mamarsa ta rufe baki da gyale.

Duk da haka ya yi ta rarrafawa har ya rage masa maki ɗaya ya lashe wasan, kuma sabis nasa ne. Bugun farko ya fita waje, saura masa dama ɗaya. Ya dubi hannun, ya san ba zai ɗagu ba. Sai kawai ya saki ƙwallon ƙasa-ƙasa, ya ɗan tura ta da raket daga ƙasa kamar mai koya wa yara. Ta tsallake raga da ƙyar ta mutu a nan. Cyprien, wanda a wannan karon ya ja baya yana jiran bugu mai ƙarfi, ya yunƙuro, gwiwar ta ƙi, bai kai ba.

Doka ba ta hana irin wannan bugu ba, amma 'yan kallo suka ɗauki fito da ihu. Da suka haɗu a raga, Cyprien ya miƙo hannu ba tare da ya dube shi ba.

"Ka kyauta," ya ce. Jirgin ƙasa ya bi ya koma Lille, ya bar wa Tanguy motar.

A wurin ajiye motoci Loïc ya tambayi ɗansa, "An yarda da wannan bugun?"

"An yarda, Baba."

"To me ya sa kake sunkuyar da kai?"

Tanguy ya je Paris. Wani matashi ɗan Ajantina ya fitar da shi a wasan farko, tun kafin mamarsa ta gama ɗaukar hotuna. Hannun bai warke ba. Ya ƙara jan shekara biyu yana yawo shi kaɗai, matsayinsa na ta zamewa, sannan ya haƙura ya karɓi aikin koyarwa a wani kulob a garin Quimper. Duk tsawon wannan lokaci ya sha kiran Cyprien, ba a ɗauka.

Wata rana yana tsakiyar darasi waya ta yi ƙara. Muryar Cyprien ce.

"Kai mai bugun tsofaffi, Asabar mai zuwa zan yi aure. Ka zo."

Tanguy ya ce, "Ka huce ke nan?"

"Wa ya ce maka? Amarya ce ta matsa, wai tana son ganin mutumin da ya sa na daina yawo na zauna a gida. Ka nemo kwat mai kyau, kada ka ba ni kunya."

Ranar Juma'a Tanguy ya kama hanyar arewa. Yana tuƙi yana shirya abin da zai faɗa idan sun haɗu, yana rushewa, har ya shiga Lille bai tsayar da magana ɗaya ba.