Kyaftin Barkono na Bata

Idan fankarka ta mutu ka kai ta Bata a nan Kano, za a nuna maka rumfar wani dogon Babarbare mai ɗingishi, a ce, "Kai wa Kyaftin Barkono." Sunansa na yanka Abdulƙahhar, ɗan Malam Goni na Kwaciri. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙa ƙaramin jirgin saman wani attajiri. Sunan attajirin kuwa ba zai fito daga bakina ba, ina son haƙorana.

Alhajin yana da gona can gabas, ya sa aka shimfiɗa masa 'yar kwalta ta saukar jirgi. To, ka san mutanenmu da kwalta. Wata uku jirgi bai zo ba, matan ƙauyen suka ga fili sumul, ba yashi, suka baza shanyar barkono daga wannan kai har wancan.

Rannan Abdulƙahhar ya ɗauko Alhaji, ya taho sauka, ya hango titi jawur, mata a sunkuye suna juya shanya. Ya zagaya sau biyu, su kuwa sai ɗaga masa hannu suke yi. Ga mai ya kusa ƙarewa.

"Sauka kawai, za su watse," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, akwai masu goyo."

"Jirgin naka ne ko nawa?"

"Naka ne. Hannun ne nawa."

Ya karkata ya dira cikin gero. Ƙafar jirgi ta karye, tasa ma ta karye, Alhaji ya fito goshi a kumbure, ba hula.

Yana kwance a asibiti aka kawo masa takarda, wai ya sa hannu cewa shi ya kuskure titi, a mayar da shi aiki. Don in aka ce akwai mutane a kan kwaltar, hukuma za ta tambayi Alhaji ina shinge, ina mai gadi. Ya ce allambaran. Aka kore shi, aka ɓata masa suna wurin masu jirage, ya dawo gyaran fanka.

Maƙwabcinsa Onyedika, mai sayar da waya, kullum sai ya taɓa shi: "Kyaftin, yau ina za mu sauka?"

"A kan sanƙonka. Ya fi kwaltar Alhaji sumul."

Bara ɗan Alhajin ya zo har rumfa da irin takardar nan. Sun sayi sabon jirgi, maganar kuma har yanzu tana gaban hukuma.

"Baba, shekara tara fa. Sa hannu kawai ka koma sama."

Ina wurin. Abdulƙahhar ya daɗe yana kallon takardar, don har yau in jirgi ya wuce sai ya ajiye sukudireba ya ɗaga kai. Can ya kunna fankar da ya gama gyarawa, ya kai ta lamba uku, ya saki takardar a gabanta. Ta tashi, ta haye kan 'yan adaidaita, ta nufi Kantin Kwari.

"Bi ta, ɗana," in ji shi. "Ka gaya mata inda za ta sauka, mu ga ko ita za ta ji."