Geron da ke Cikin Kitson Tasalla

Abin da ya fara ɗaukar idona ƙwayar gero ce guda, maƙale a kitson kakata Inna Kulu, tana ƙyalli a hasken wutar kara kamar ɗan tauraro ya sauka kanta. A Shagari muke, bayan girbi. Na miƙa hannu zan cire.

"Bar ta nan, 'yar nema," in ji ta. "Kin san mai ita? Matso ki jiya."

Ta ce an yi wani gari da sarkinsa ya kwashe iri duka ya kulle a rumbun ƙarfe, mai son tuwo sai ya durƙusa masa. Wata yarinya, Tasalla, ta shiga yi masa sussuka, ta fito da gero cikin kitsonta. Masu gadi suka kakkaɓe zanenta, suka leƙa bakinta, amma ba wanda ya taɓa kanta.

"Wane ƙato za shi kwance kitson ɗiyar wani?" in ji Inna. "Kunya ta hana su."

Da damina aka shuka geron, gonakin bayan gari suka yi kore shar.

Da na zama malamar Hausa a Bodinga, na ga ɗalibaina sun fi son labaran waya. Tsoron kada tatsuniyar ta mutu a hannuna ya sa na ɗinka mata sabuwar riga: birni a ƙarƙashin gilashi, sama ba gajimare, na'urori ke gadin rumbu. Ɗaliban suna ta lumshe ido, sai Asma'u mai yawan gardama ta ɗaga hannu.

"Malama, na'ura ba ta jin kunya fa. Tasallarki ta kamu."

Aji ya fashe da dariya. Na ajiye alli, na juya gare ta.

"To ke, ya za ki yi da ita?"

Ta ce, "Matan garin duka su sa gero a kai. Na'urar ta yi ta ƙara a kan kowa har a gaji a kashe ta."

Ranar na gane kunyar wasu ce ta tsirar da Tasallar Inna. Inda kunya ta ƙare, sai 'yan'uwa.

Asma'u tana Danchadi yanzu, da lambun albasa da 'ya'ya. An ce da yamma yaran unguwa na cika mata gida don jin tatsuniyar Tasalla, kuma a bakinta, na'urar da kanta take gajiya ta yi barci.