Mama Rifkatu ta raba waƙoƙinta

Ranar Talatar da ta wuce, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na yamma, ina cikin keke tsakanin Kakuri da Makera, mahaifiyata ta kira ni ta ce yayarta, Mama Rifkatu, ta rasu. Ciwon huhu ne, bayan gajeriyar jinya. Na faɗi wannan ne domin wasu suna cewa ciwon mantuwa ne ya ɗauke ta. Ba shi ba ne.

Mama ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu, ita ke ɗagawa, mata su amsa. Yawancin waƙoƙin da harshenmu suke, ba a rubuce ba, a kanta kawai suke. Bara ta ɗaga waƙa a gidan makoki, baiti na biyu ya ɓace mata. Hakan ya sake faruwa. Lokacin na gama karatun ɗaukar hoton jiki ke nan, sai na roƙe ta a yi mata hoton ƙwaƙwalwa.

Likita ya ce ɓangaren da ke riƙe tunawa ya ɗan ƙanƙance. Ya ce wannan alama ce ta haɗari, ba tabbaci ba. Na maimaita mata haka a hanya har ta gaji da ni.

"Ɗana, ka cika tsoro," in ji ta. "In ka ji ƙamshin hadari, kwashe shanya za ka yi, ko jira sai ya zubo?"

Daga nan ta fara rabon waƙoƙi. Ta ƙi a ɗauka a waya, wai waya ba ta zuwa makoki. Kowace mace ta ba ta tata, takan bi ta har gida ko rumfar kasuwa, ta zauna sai ta iya. Takan ce, "Ladi, wannan muryar taki ta kiran akuya ce, sake ɗagawa!" A yi dariya, a sake.

Akwai abin da ban sani ba. Ban san ko ciwon mantuwar zai zo mata da a ce ta ƙara daɗewa ba. Ban san ko hoton ya hana ta barci ba, domin ba ta taɓa nunawa ba. Ban san waƙoƙi nawa suka rage ba ta raba ba, kuma babu wanda za a tambaya.

Ubangiji ya yi mata jinƙai, ya ba ta hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da Baba Ayuba, mijinta, da 'ya'ya da jikoki. Ya kuma ƙarfafa muryar matar da za ta fara ɗaga waƙa ranar jana'iza.