Gyara ɗaya, kwafi biyar

Ardo ya shigo buro ɗinmu a Konni ranar Laraba, da rawaninsa, ya ajiye tarho a kan tebur ya zauna. Layin Najeriya ne a ciki, kamar na yawancin mutanen bakin iyaka.

Aikinmu tura wa makiyaya saƙon ranar rigakafin shanu. Rugar su Ardo ta wajen Alela ba ta samu ba. Masu allura sun zo sun tafi, shanu suna daji.

Na buɗe ordinatar, wato kwamfuta. Akwai guntun kod, wato rubutaccen umarni ga na'ura, da ke tantance lambar tarho, wanda na gyara watan jiya don ya karɓi lambobin Najeriya. Ashe abokin aikina Isuhu ya daɗe da kwafe shi cikin fishiye biyar, wato fayil biyar. Ɗaya kawai na gyara, mai tura saƙon kuwa yana nan da tsohon halinsa na ƙin lambobin Najeriya.

"Isuhu, mi ya hana ka aje shi wuri guda, kowane fishiye ya kira shi daga can?"

"Madam, kwafi ya fi sauri. Kuma in guda ya lalace, sauran suna nan."

"Suna nan kam. Ga aikinsu zaune gabanka da rawani."

Yanzu kod ɗin yana wuri guda, kuma na'ura tana gwada shi da lambobin ƙasashen biyu kafin wani canji ya fita. Isuhu ne ya hau babur neman masu allura su koma rugar. Ya ce hanyar da nisa. Na ce ya kwafi kansa biyar, ya fi sauri.

Ku fa, wace gajeriyar hanya ce ta taɓa kai ku nesa?