Ranar da mahaifina ya haifi kakana

Shekarun baya, ina wata huɗu da fara koyon rubuta manhajar kwamfuta a unguwar Gounghin, kaina ya fara rawa. Baffannina sun so in zauna shagon atamfa, mahaifina kaɗai ya tsaya mini. Don in fitar da shi kunya, na ce zan zuba salsalar gidanmu a kwamfuta. Kakana ya yi mini shiftar sunayen.

Dabarar ba wuya. Ka ba manhajar suna, ta nemo uban mai sunan, ta sake kiran kanta a kan uban, har ta kai wanda ba a rubuta ubansa ba, sai ta tsaya. Na gwada da dangin mahaifiyata, ta yi tsaf.

Ranar wani bikin suna a gidanmu, dattawa sun cika zaure, na kunna kwamfutar a gabansu, na sa sunan mahaifina. Kakana ya fito. Sai ga mahaifina a matsayin uban kakana! Sai kakana, sai mahaifina, sunaye biyu suka yi ta zubowa har kwamfutar ta ƙame. Innalillahi!

Wani baffana ya ce, "Yaya, ashe kai ka haifi Baba? To, ga karatun nan!" Zaure ya ɗauki dariya. Mahaifina ya sunkuyar da kai.

Kakana ya matso, ya ce, "Amaryata, mu nawa ne masu sunan nan a gidan nan?"

Sai na tuna. Yayana takwaransa ne. Mahaifiyata ba ta faɗin sunan surukinta, don haka da laƙabi muka tashi muna kiransa, har na manta. Da manhajar ta nemi kaka sai ta kama yaya, shi kuwa ubansa mahaifina ne. Ta ina za ta fita?

Nan take na ba kowane mutum a jerin lambarsa ta daban, na sake kunnawa. Sunaye suka jeru, suka tsaya cak a kan tushen gidanmu, mutumin da ya fara sauke goro a Zango. Mahaifina ya juya wa baffa kwamfutar, ya ce, "Karanta mana da ƙarfi."

Har yau in na tuna mintocin da mahaifina ya yi kansa a ƙasa saboda ni, sai kunya ta kama ni. Tun daga ranar ba na barin manhaja ta kira kanta sai na tabbata ta san inda za ta tsaya. Kuma ban ƙara yin gwajin farko a gaban dangi ba.